Kaset a Aljihun Farar Riga

Auta zai iya gaya maka inda ƙwayar zarra ɗaya ta fuskanta, sama ko ƙasa, amma ka tambaye shi inda ya ajiye takalmansa, sai ya tsaya yana kallon rufin ɗaki kamar can ya rataye su. A gida an daɗe da daina tambayarsa mene ne aikinsa. Inna, mahaifiyarsa, takan ce wa baƙi aikin firji yake yi. Yaya kuwa, babbar yayarsa da ta goya shi har ya yi wayo, cewa take kiwon abin da ba a gani yake, kuma wai har biyansa ake.

Su biyun ba su yi nisa da gaskiya ba. A ƙasan wani dogon gini akwai ɗakin da ba taga, a tsakiyarsa an girke wata na'ura mai ƙaton ciki kamar tankin ruwa. Sanyin da ke cikinta ya wuce duk abin da ka sani. Ƙanƙara a wajenta zazzaɓi ne. Can ciki akwai allura mai tsinin da ido ba ya gani, da ita ake ɗaukar ƙwayoyin zarra ɗai-ɗai ana jera su a kan wani ɗan faranti. Kowace ƙwaya ɗan mitsitsin maganaɗisu ce. In ta kalli sama, an ce i. In ta kalli ƙasa, an ce a'a. Da i da a'a ɗin nan kwamfuta take rubuta komai na duniya, har hotonka da muryarka. Burin mutanen ɗakin shi ne wata rana a zuba littattafan duniya kaf cikin abin da bai kai maɓallin riga ba.

Zuwa yanzu dai harafi ɗaya suka rubuta. Shugaban ɗakin ne ya zaɓe shi, kuma sai aka yi dace ya zama harafin farko na sunansa.

Harafin nan ya yi wata da watanni a zaune daram, ƙwayoyin ba su juya ba, kuma wannan shi ne abin alfaharinsu. Don kada su juya, a ɗakin ba a tafiya da takalmi, ba a buga ƙofa, ba a atishawa sai an fita. Sannan a cikin tankin akwai wani jibgegen maganaɗisu da ke riƙe da su, mai ƙarfin da zai fizge makulli daga hannun mutum. Saboda shi aka ja jan layi a ƙasa, aka ajiye tire a bakin layin. Duk mai ƙetarewa sai ya zazzage aljihunsa tukuna. Auta ya yi wannan zazzagar har ta zame masa jiki. An sha ganinsa a ƙofar banɗakin gida yana laluben makullai.

To, a gidan nasu akwai wani kaset.

Ranar da Baba ya sayo rikoda ya ɗauke shi, don gwaji kawai. Ba wa'azi a ciki, ba wasiyya. Baba ya ce, "Ana ji? Ana ji?" ya yi tari, ya ce wa Inna ta faɗi wani abu, ta ce ita ba abin da za ta faɗa wa akwati. Faranti ya faɗi, Yaya ce ta yar, Baba ya ce ba komai. Sai jariri ya tsala kuka, aka ji Baba ya ɗauke shi yana cewa, "Auta. Autana. Kalli nan," ya yi dariya. Shi ke nan. Kafin jaririn ya fara tafiya Baba ya rasu, kuma muryarsa ba ta rage a ko'ina ba sai a zaren wannan kaset.

Inna takan saka shi da yamma idan ta gama hidima. Kunnenta ya yi nauyi, magana da ita sai ka fuskance ta ka ɗaga murya, abin jin da Auta ya sayo mata kuwa yana cikin gwangwanin maɓallai tun ranar da ya zo. Sai a ƙure mata ƙarar rikodar, ta zauna tana amsa wa mijinta. Auta ya ji kaset ɗin tun yana ƙarami har ya gundure shi. Da ya girma, da zarar an danna sai ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Ai kaset ɗin yana nan, ina za shi?

Wata safiya aka tarar rikodar ta tauna zaren. Yaya ta zaro shi a hankali, ta naɗe da biro, ta ce ita kam hankalinta ya tashi, yau za ta kai wa mai shagon bakin titi ya juye mata a waya.

"Wa?" in ji Auta. "Mutumin nan da yake gyaran waya da cokali? A'a wallahi, Yaya. Akwai na'urar juyewa a wajen aikinmu, a hawan sama. Ni zan yi da hannuna. Ina kuke ajiye shi ma?"

Yaya ta nuna masa saman lasifikar falo.

Auta ya dafe kai. "Kun san abin da ke cikin lasifika kuwa? Maganaɗisu! Kin ga zaren nan? Ƙananan maganaɗisu ne birjik a jikinsa, kowanne da inda ya kalla, yadda suka jeru shi ne muryar. Babba ya matso kusa, duk su juya su bi shi, murya ta tafi. Ku kuma kuka rasa wurin ajiya sai nan!"

"Tun kana rarrafe yake nan," in ji Yaya. "Bai taɓa kawo ƙara ba."

"Sa'a kuka ci."

"To Malam mai firji, ga shi. Ka dawo da shi yau, ka san ba ta kwana ba shi."

Ya karɓa da hannu biyu. A mota bai yarda ya saka shi a jaka ba, don jaka ana mantuwarta. Da ya isa ya saka farar rigar aiki, sai ya zura shi a aljihun ƙirji ya ɓalle maɓalli, yana jin daɗin kansa. A ganinsa yau ne kaset ɗin nan ya fara shiga hannun wanda ya san darajarsa.

Niyyarsa ya leƙa ƙasa ya gaisa daga bayan layi, ya haura sama. Yana buɗe ƙofa ya tarar da abokiyar aikinsa, wadda suke kira Mai Allura don ita ke sarrafa allurar, tana tsaye kan ɗan tsani tana kokawa da bututu. Wata fitila tana ta ƙyafta ja.

"Auta, zo!" ta ce da raɗa, irin raɗar da ta fi ihu. "Ruwan sanyin ya yi ƙasa, bututun ya ƙi zama. In cikin nan ya ɗumama, harafi ya tafi."

Hannun Auta ya fi shi sanin aiki. Makullai a tire. Waya a tire. Agogo, katin banki, bel, duk a tire. Hannun ya bi ta ƙirji, ya ji roba, ya wuce, don shi ƙarfe aka koya masa nema. Auta ya ƙetare jan layi da safa.

Bututun nan sai mutum ɗaya ya danne shi daga ƙasa, ɗaya ya murɗa daga sama, mai dannewar kuma ba yadda zai yi sai ya rungumi tankin. Auta ya rungume shi ƙirji da ƙirji, kumatunsa a jikin ƙarfe, irin rungumar da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba. Ya daɗe a haka. Hannuwansa suka sandare, hancinsa ya fara zuba, ya haɗiye atishawa har idonsa ya kawo ruwa. Can fitilar ta koma kore.

Suka lallaɓa gaban allo. Mai Allura ta sauke allurar a hankali, ta bi kan ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Sama, ƙasa, ƙasa, sama. Duk suna nan yadda aka bar su, ko gezau.

Shugaba ya sauko da kansa, shi ma da safa. Aka yi murna yadda ake yi a ɗakin, wato aka tafa da yatsa biyu. Ya riƙe hannun Auta ya raɗa masa cewa tarihi ba zai manta da shi ba. Auta ya raɗa godiya, ya kwashi kayansa daga tire, ya haura sama yana ɗan fito.

A sama ya goge kan na'urar juyewa da auduga, ya haɗa ta da kwamfuta, ya saka abin ji a kunne, ya zura kaset, ya danna. Ya jira "Ana ji?"

Shuuuu.

Ya ƙara murya. Shuuuu ɗin ya ƙara girma. Ya juya ɗaya gefen, haka. Ya duba wayoyi, ya cire ya mayar. Ya samo wani tsohon kaset a aljihun tebur ya gwada, sai ga wani mutum yana bayani kan kashe gobara, tas-tas, kamar yana ɗakin. Ya mayar da na Baba, ya bi shi daga farko har ƙarshe, bai tsallake ko'ina ba.

Sannan ne hannunsa, wannan hannun dai, ya tashi a hankali ya dafa aljihun ƙirji.

A haka Mai Allura ta same shi. Ta kalli kaset, ta kalli aljihun, ta kalli fuskarsa. Mace ce da ba ta ɓarnar magana.

"Da shi ka rungumi tankin?"

"Da shi."

"Na waye?"

"Babana."

"Akwai wani?"

Ya girgiza kai. Ta ja kujera ta zauna.

"Ba wata dabara?" ya ce. "Ko da allurar? Ko a duba ƙasan zaren, wataƙila akwai saura?"

"Auta, kai ka koya mini amsar nan a satina na farko. Duk sun juya gefe guda. Muryar ba ɓoyewa ta yi ba, balle a nemo." Sai ta ƙara da cewa, "Ban taɓa ganin gogewa mai tsabta irin wannan ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Iyakar ta'aziyyar da ta iya ke nan, shi ma ya san haka.

A motar komawa gida ya rufe ido ya ce bari ya jiyo muryar a kansa, tunda ai ya haddace. Kalmomin suka zo tsaf, ba wadda ta ɓace. Ana ji, ana ji. Ba komai. Autana. Amma da muryarsa shi Auta suka zo. Ya sake gwadawa, suka zo da muryar Shugaba. Muryar Baba kauri gare ta ko siriri? Dariyar daga ƙirji take fitowa ko daga hanci? Ya nema ya rasa. Inna ta zauna da mutumin, Yaya ta hau kafaɗarsa, su suna da inda za su tono. Shi zaren nan kaɗai gare shi, kuma duk shekarun da ake saka shi yana baranda yana latsa waya. Mai karɓar kuɗin mota ya kalli fuskarsa ya tambaye shi ko lafiya.

Yaya ce ta buɗe ƙofa, hannunta da kumfar wanke-wanke. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Me ka yi?"

Ya gaya mata a nan cikin lungun shiga, tsakanin takalma. Bai rage komai ba. Da ya zo kan harafin da aka ceto, ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Harafi nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya."

"I."

Ta goge hannunta a jikin zane, a hankali, yatsa bayan yatsa. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Idonta ya cika, ta juya ta kalli bango har ya koma.

"Mai gyara da cokali," ta ce, "da yanzu ya gama."

Daga falo Inna ta ɗaga murya, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Autan ne? Ya kawo mini kayana?"

"Zan gaya mata," in ji Auta.

"Da wane bakin? Sai ka yi ihu unguwa ta ji kafin ita ta ji." Yaya ta matsa gefe ta ba shi hanya. "Je ka saka mata. Da hannunka, yadda ka ce. In ta ji ba komai ta tambaya, sai ka yi bayanin maganaɗisu, ai ka iya."

Inna tana kan kujerarta ta kullum, ta jawo rikodar kusa da gwiwa, ta gyara ɗankwali kamar mai jiran baƙo. Auta ya durƙusa zai gaishe ta, ta amsa gaisuwar da bai riga ya yi ba. Ya zura kaset. Yatsansa ya tsaya a kan maɓallin.

"Danna mana," in ji Inna. "Ko shi ma sai an sanyaya shi?"

Ya danna. Shuuuu ya cika falon, don ƙarar a ƙure take. Yaya ta jingina da bakin ƙofa ta harɗe hannu. Auta ya buɗe baki zai fara.

"Ana ji mana," in ji Inna, tana kallon zaren yana juyawa ta 'yar tagar rikodar. "Sau nawa za ka tambaya?"

Auta ya rufe bakinsa.

Inna ta ɗan jira. "Ka ji tarin nan. Na ce ka sha magani, ka ƙi." Ta sake jira, ta kau da kai tana murmushi. "Ni ba abin da zan faɗa wa akwati."

Ya waiwaya ya kalli Yaya. Yaya ta sauke hannuwanta. A fuskarta ya ga ita ma yanzu ta gane abin da ya gane: kunnen Inna ya daɗe da barin kaset ɗin nan. Sun yi shekaru suna ƙure mata ƙara, maƙwabta suna haƙuri, alhali ita juyawar zaren kawai take kallo, sauran daga cikinta yake fitowa, kowane abu a kan lokacinsa.

Inna ta zabura kaɗan ta dafe ƙirji. "Ga farantina ya tafi." Ta nuna Yaya da baki. "Ke dai hannunki bai taɓa riƙe abu ba. Shi kuma wai ba komai. Ai dole ya ce ba komai, ba shi ya saya ba."

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Yaya da ƙarfi.

"Ya wuce."

Shuuuu ya ci gaba. Auta yana durƙushe, ya kasa kunne da dukan ƙarfinsa, yadda bai taɓa yi wa kaset ɗin nan ba lokacin da akwai abin ji a ciki. Ya matsa har kunnensa ya kusa taɓa lasifikar. Iska ce kawai.

Inna ta miƙo hannu ta dafa kansa. "Kai kuma ga ka nan, ka buɗe baki kamar ana yanka ka. Yi shiru, ga shi zai ɗauke ka." Ta saurara, fuskarta ta yi laushi. Sai ta ɗan girgiza kan nasa. "Ba ka ji yana kiranka ba? Kullum sai ka gudu baranda. Yau da kake nan, amsa masa mana."

Auta ya kalli rikodar.

"Na'am, Baba," ya ce.

"Ɗaga murya, a ina zai ji wannan?"

"Na'am!"

Inna ta yi dariya, daidai inda Baba yake dariya, ta goge gefen ido da bakin mayafi. Ta bar zaren ya ɗan ƙara tafiya, sannan ta danna da kanta. Falon ya yi tsit. A bakin ƙofa ba Yaya, sai ƙarar famfo daga kicin, an buɗe shi har ƙarshe.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Inna. "Ka gyara shi da kyau. Yau ya fi fita."

"Amin, Inna."

"Mayar da shi farko, ka ɗora a kan lasifika inda yake."

Ya mayar da zaren farko, ya ciro kaset ɗin, ya miƙe. Ya tsaya a gaban lasifikar yana riƙe da shi da hannu biyu. Sannan ya ɗora shi a wurinsa, ya gyara masa zama.